Tambaya da amsa: yadda tarakta ta shiga gonakin Ayalan

Wani manomi daga Funtuwa ya tambaya: Malam, an ce mini Massey Ferguson ɗin da muke haya asalinta daga Ayalan take. Haka ne?

Rabin sunan dai daga can ya fito, Alhaji. Harry Ferguson ɗan manomi ne, an haife shi a 1884 a gundumar Down, arewacin tsibirin Ayalan da ke yamma da Birtaniya. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, hukumar noma ta sa shi zagaya gonaki yana duba taraktoci. A lokacin garma a ƙugiya ake maƙala ta, tarakta ta yi ta janta a baya. Da ta ci karo da dutse ko saiwa sai gaban taraktar ya ɗaga sama, wani sa'in ma ta kife da direba. Ferguson ya ƙirƙiro hannuwan nan uku da kuke gani a bayan kusan kowace tarakta yau, masu ɗaga garma da ƙarfin man haidirolik. Nauyin garmar da turjiyar ƙasa suka koma kan tayoyin baya, sai ƙaramar tarakta ta riƙa yin aikin babba. Ƙaramar taraktarsa mai launin toka, TE20, an ƙera fiye da 500,000 a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956. A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada.

Wani daga Maraɗi ya ce: Gonakinsu ba manya ba ne, to yaya ƙaramin manomi ya iya mallakar injina?

Ba a rana ɗaya ba. A 1919 kamfanin Ford ya fara ƙera tarakta a birnin Cork na Ayalan, amma doki ya ci gaba da jan garma a yawancin gonaki har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Samuwar inji a kasuwa ba ta sa kowa ya saya ba, sai da hannun aiki ya yi ƙaranci. A shekarun 1950 matasa suka yi ta ƙaura zuwa Ingila, gayyar maƙwabta da ake yankan ciyawa da casa da ita ta fara watsewa. An soma kai lantarki karkara a 1946, injin tatsar madara ya biyo baya. Shigarsu Kasuwar Tarayyar Turai a 1973 ta ɗaga farashin madara da nama, kuɗi ya shigo hannu.

Duk da haka ba kowane inji suke saya ba, kuma nan nake so ka tsaya. Manomin da ke da kimanin hekta 30 yakan riƙe tarakta ɗaya ta aikin yau da kullum. Yankan ciyawar da ake adanawa don abincin shanu na hunturu kuwa, masu hayar injina yake kira, su zo da ayarinsu su gama a yini ɗaya ko biyu. A ganina injin da zai yi aikin mako biyu ya kwana shekara a rumfa, hayarsa ta fi sayensa.

Wani kuma ya ce: Ina shirin sayen tsohuwar tarakta, me zan duba?

Kafin fenti, duba hannuwan baya. Ɗaura mata garma, ka ɗaga, ka kashe injin. In garmar ta sauko nan da nan, akwai yoyo a ciki, kuma gyaransa ba arha. Tambayi bakanikenku ko ana samun kayan gyaranta a kusa. Sai sandar nan mai juyawa a baya wadda ke tuƙa injin casa ko famfo: kada ka yarda ta yi aiki babu murfi. A Ayalan taraktoci da injina ne kan gaba wajen kashe mutane a gona. Mu da ke zuwa gona da riga mai faɗi, gefen riga kaɗai sandar ke bukata ta naɗe mutum. Kashe injin kafin ka sauko, yara kuma kada su hau kan murfin taya.