Amsar gwaggo kan zancen shimfiɗa

Wa alaikumus salam ɗiyata, ya jiki ya nauyi, Allah shi raba lahiya. Na karanta saƙonki har ƙarshe. Kin ce tunda cikin ga ya shiga wata shida in kin kwanta rigingine maigidanki ya zo miki sai jiri ya ɗebe ki numfashi na yi miki sama-sama, shi yac ce ku canza kwanciya, ke kuma kina tsoro don wata tsohuwa a unguwarku ta ce ba al'adarmu ba ce, wai ɗiyar mutunci kwanciya guda ta sani, wai in miji ya zo ta baya harara-garke za a haifa, in kuma mace ta hau sama ta mallake shi kenan. Kina tambaya ko gaskiya haka munka gada.

To zancen harara-garken nan ya girmi tsohuwar taku nesa ba kusa ba, kuma ba namu ba ne ma. Yahudawan Madina ne sunka riƙa faɗinshi, yana nan cikin Buhari da Muslim daga Jabir, kuma a kanshi ne aya ta 223 ta suratul Baƙara tas sauka, wadda tac ce matanku gonakinku ne ku zo ma gonarku ta yadda kunka so. Abu Dawuda ma ya kawo labarin da tsawo daga Ibn Abbas, mutanen Madina sun saba da kwanciya iri guda ta gefe, su kuwa Ƙuraishawan Makka suna canzawa yadda sunka ga dama, sai wani daga cikin masu hijira ya auri mutuniyar Madina, ya zo mata da irin na garinsu tac ce ita sam ba haka anka saba ba, ko ya yi yadda ta sani ko ya ƙyale ta, magana ta yi girma har ta kai ga Manzon Allah SAW. Kin ga dai rigimar al'ada ce tsakanin gari biyu, kuma ayar ba ta ɗaure kowa da ta wani gari ba. Abin da anka hana a fili yake, ta dubura haramun ne ko da wace irin kwanciya, haka ma saduwa lokacin haila da jinin biƙi, da rana cikin azumin Ramadan, da wanda ke cikin haramin hajji ko umra. Zancen mallaka kuwa ban ma tsayawa kanshi, macen da ke son juya miji ba a kan gado take fara wa ba.

Abin da mu dai munka gada shi ne shiru. A yi ma amarya dilka da halawa da turare, a dafa mata kaza, a ɗura mata tsumi, ranar kai ta a ce yi na yi bari na bari, shikenan an gama nasiha, ba mai ce mata ga yadda jikinki yake. Kuma abin haushi a garin Nana Asma'u muke, wadda ta naɗa jajis suna bi ƙauye ƙauye suna koya ma mata tsarki da hukuncin jini da zaman aure, ƴan taru, wato taron matan nan masu karatu da ta kafa, har yau ba su ƙare ba. Nana A'isha da kanta ta yaba ma matan Ansar cewa kunya ba ta hana su tambayar addini ba. Don haka kin kyauta da kika tambaya.

Jirin nan da kike ji ba aljanu ba ne ba kuma raki ba. Akwai babbar jijiya da ke maida jini zuwa zuciya ta bayan mahaifa, in ciki ya wuce rabi kika kwanta rigingine nauyin na danne ta, jini ya ragu, sai jiri da tashin zuciya da zufa, balle a ƙara miki nauyin namiji a sama, ga zafin garin ga na bazara ba wuta ba fanka. Shi ya sa ko barci a wurin awo suke cewa ki kwanta ta gefe. Ki kwanta kan haƙarƙarinki, hagu ya fi, ki ɗan lanƙwashe gwiwa ki sa matashi tsakanin ƙafafu wani ƙarami a ƙarƙashin ciki, shi yana bayanki, ba abin da ke danne ki kuma ba ya shiga can ciki sosai, wanga shi ne mafi sauƙi har watan haihuwa. In kuma kina da ƙarfi ranar, shi ya jingina da kan gado ke kina sama, amfaninshi ke ke riƙe da zurfi da sauri, inda kika ji zai yi ciwo sai ki tsaya. Wasu matan in an taɓa bakin mahaifa zafi suke ji har mara, ko ba ciki, to su wagga ta fi musu. Amma in kin ga jini, ko ruwa ya fashe, ko likita ya ce mabiyiya ta sauko ƙasa ko ya ce ku dakata, to a dakata gaba ɗaya ba wata dabara.

Sai maganar daɗi, tunda kin zagaya ba ki faɗa ba amma na gane. Yawancin mata ba can ciki jin daɗinsu yake ba, a waje yake wurin ɗan tsaka, kuma jikin mace na ɗaukar lokaci kafin ya jiƙa ya saki. Namijin da zai faɗo kai tsaye ba wasa ba hira ba taɓawa, ko wace kwanciya kunka yi zafi za ki ji, sai ki ɗauka laifin kwanciyar ne. Kwanciyar gefen nan ma alherinta hannunshi a sake yake. Kuma shi ma fa mutum ne, in yana da ciwon baya ko gwiwa ko tumbi ya fara fitowa, wata kwanciyar wahala ce gare shi yana dai cijewa ne. Ki ce mishi nan ya fi min, can yana min ciwo, a hankali ba cikin faɗa ba, ba kuma sai lokacin ba, ko da rana kuna zaune ku biyu. Mijin da ya fara cewa a canza don ya ga kina wahala ai ba wuyar magana gare shi ba.

Bari in riga ki tun yanzu kan bayan haihuwa, don lokacin masu kawo shawara za su yi yawa. Sai jini ya ɗauke kin yi wanka, ɗinki ya warke, galibi wajen arba'in ko sati 6, in tiyata anka yi kuwa kar a ɗora nauyi kan wurin, gefen nan dai za ku koma. Mai shayarwa tana bushewa, sinadarin jiki ne ke sauka saboda nono, ba wai kin lalace ba. A nan ne za a zo miki da kayan mata, mu Sakkwatawa har suna munka yi a kansu. Dabino da aya da kwakwa da zuma da kankana ki sha abinki abinci ne. Amma matsi, alimun ko kanwa ko wani gari da ba ki san mi anka haɗa ba, kar ki kuskura ki cusa, ƙara busar da wurin yake ya tsattsage fata ya jawo ciwon sanyi, wai an matse, alhali kumburi ne. A kemis akwai man shafawa na ruwa da anka yi don wanga aiki, shi za ki sa shi ya sayo.

In kun canza kwanciya an yi wasa an yi komai zafin bai bari ba, ko akwai ƙaiƙayi ko ruwa mai wari, wannan ba na gwaggo ba ne. Ranar awonki ki ja nas ɗin gefe ki faɗa mata yadda kika faɗa min, in a asibitin mata da yara na Maryam Abacha kike zuwa ko asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, UDUTH, duk akwai likitocin mata, ki nemi mace in ita kika fi sakewa da ita.