Maƙwabci zai iya kutsawa cikin fitilun Zigbee na gidana?

Malam, zai iya, domin Zigbee hanya ce ta sadarwa ta rediyo tsakanin na'urorin gida, amma haɗarin ya fi yawa lokacin da kake haɗa sabon ƙwan fitila. A wannan ɗan lokacin uwar na'urar da ke sarrafa fitilun take aika masa mabuɗin sirrin sadarwar na'urorin gidan gaba ɗaya, kuma sau da yawa a kulle da wani mabuɗi da duniya ta sani: ZigBeeAlliance09. Wanda ke kusa da ɗan rediyon USB yana saurare, sai ya cafke ya buɗe. Wannan yana damuna ƙwarai.

Zigbee 3.0 ta kawo lambar shigarwa da ake bugawa a jikin na'ura, kowace da tata, a madadin wancan mabuɗin da duniya ta sani. Idan taka na da ita, yi amfani da ita. Da fitilar ta shiga kuma, rufe ƙofar haɗawa nan take.