Mun Ƙera Na'ura Mun Bayar Kyauta, Amma Tallafi Ya Ƙi Zuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne a Zariya muka haɗu muka ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana, wadda wani ƙaramin allon lantarki mai suna Arduino ke sarrafa zafinta. Mun sanya zanenta da jerin kayanta a intanet kyauta domin duk mai so ya ƙera tasa. Shekara guda ke nan muna aikin sa-kai, daga aljihunmu muke sayen komai, kuma duk da yawan rubutun da muke yi a Facebook, gudummawar da ta shigo ba ta taka kara ta karya ba. Malam, yaya za mu yi jama'a su san aikin nan, har su sa hannu? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah Ya sa wa aikinku albarka. Na duba rubuce-rubucen da ka haɗo da wasiƙarka, kuma a ganina matsalar daga nan ta faro. Kusan duka hotunan wayoyi ne da allon lantarki, da bayanin lambobin kayan haɗi. Wannan zai burge injiniya, amma matar da ke kiwon kaji a bayan gida, wadda ita aka yi na'urar dominta, ba ta ga abin da ya shafe ta ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya fashe, a zafin da ya kai kusan digiri 37.5. To, ku ajiye na'urar a gidan wani mai kiwo da yardarsa, ku ɗauki gajeren bidiyo ranar da aka jera ƙwan, ku nuna ma'aunin zafi cikin dare sa'ad da babu wutar lantarki, sannan ku dawo ranar da ɗan tsako ya fara tsaga ɓawo da baki. Idan ƙwai talatin aka sa, ashirin suka ƙyanƙyashe, ku faɗi haka ba ƙari, domin mai kiwo ya san ba duka suke fita ba, kuma da zarar ya ji an ce duka sun fita zai ja da baya. Ku yi bayanin da Hausa, a tura ta WhatsApp, ku kuma nemi a ba ku lokaci a shirin noma da kiwo na gidan rediyo.

Ta wannan hanya aikin Precious Plastic ya bazu. Dave Hakkens ya fara shi a Holan a 2013, na'urori ne na narkar da robar da aka yar a mayar da ita wani abin amfani, kuma bidiyoyin da suka nuna yadda ake haɗa kowace na'ura daki-daki su ne suka sa mutane a ƙasashe da dama suka ƙera nasu. Duk wanda ya ƙera taku a Funtuwa ko Maraɗi ya zama mai yi muku talla ba da ko sisi ba, saboda haka ku rubuta jerin kayan da sunayen da ake kiran su a kasuwa, tare da abin da zai maye gurbin wanda aka rasa.

Game da kuɗi kuwa, ku daina cewa "a taimaka mana" kawai. Na'ura ba kamar manhaja ba ce da ake kwafa ba tare da an kashe komai ba. Kowace ɗaya tana cin batir da farantin sola da katako. Ku lissafa abin da guda ɗaya ke ci, ku ce kuna neman kuɗin guda biyar, ku faɗi inda za a kai su da watan da za a gama. A 2014 wani injiniya mai suna Andrew Huang da abokin aikinsa sun nemi dala 250,000 a dandalin tara kuɗi na intanet mai suna Crowd Supply domin kwamfutar Novena mai buɗaɗɗen zane, wato wadda aka ba da zanenta kyauta kamar taku, suka samu sama da dala 700,000, kuma kowane mai ba da kuɗi ya san abin da zai samu. Ƙungiyar Open Source Ecology da ke Mizuri a Amurka kuwa, mai ƙera injuna tana ba da zanensu kyauta, ta dogara a farkonta ga magoya baya masu ba da dala 10 duk wata. Wannan na biyun ya fi kama da halinku, tun da mun saba da adashi: mutum hamsin masu ba da kaɗan duk wata sun fi attajiri ɗaya da ya yi alkawari ya manta.

Sai dai kada kuɗin jama'a ya riƙa shiga asusun mutum ɗaya, ko da kuwa shi ne mafi amana a cikinku. Ku yi rajistar ƙungiya a Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu da sunanta wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita, sannan a ƙarshen kowane wata ku fitar da abin da ya shigo da abin da aka kashe, har da hoton rasit. Batirin da ya ƙone a gwaji ma a rubuta shi, da kuɗin motar da aka je Kano aka sayo wani.