Waya ba ta ratsa bango

Ka ce malaminku na fiziks ya raba muku nisan da aka bi da tazarar da ke tsakanin mafari da ƙarshe, kana tambaya ko wannan ya shafi aikin wayarin. Kai yaro, ai da shi ake cin kuɗin mai aiki.

Ɗauki ɗaki mai mita 3 a mita 4. Daga kusurwa zuwa kusurwa, miƙe, mita 5 ne, kuma sai ka faɗi ta wace fuska. Wannan ita ce tazarar da yake nufi. Amma fayif ɗinka bango zai bi, mita 7. Soket yana ƙasa, silin yana sama, ka hau mita 2 da rabi ka sauko mita 2 da rabi. Ga mita 12 a inda ido ya ce 5. Kuma jar waya ta je, baƙa ta dawo: wutar ta koma inda ta fito, tazara sifili, amma ta ci jan ƙarfe mita 24.

Inda abin yake ciwo shi ne rijiyar burtsatse. Akwai irin Alhajin da zai tsaya bakin ɗakin janareto, ya nuna rijiya da carbi ya ce: "Ga ta can, ai ko mita 50 ba ta wuce ba." Gaskiyarsa, 50 ce a miƙe. Sai dai shi da kansa zai hana a fasa masa tayil ɗin tsakar gida, dole ka bi katanga, 30 gabas, 40 arewa, mita 70. Ranar biya kuma da 50 zai yi lissafi, ya tara yaran gida ya ce an yi masa coge a waya. Sauran mita 20 daga aljihun mai aiki suke fita, ga zagi a kai.

Ba nan asarar ta tsaya ba. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana zubar da kusan milibolt 18 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kowace mita kan kowane amfiya. Sumo, injin tura ruwa da ake sa wa cikin rijiya, mai jan amfiya 10, a mita 50 ya rasa bolt 9, ya wuce. A mita 70 ya rasa 12.6, alhali iyakar asarar da aka yarda da ita, kashi 5 cikin ɗari na bolt 230, bai wuce 11.5 ba. Ba a ma sa zurfin rijiyar ba tukuna. Injin ya dinga gurnani wajen tashi, koyil ya yi zafi, ya ƙone, a ce kai ka kashe shi. Mai 4 ce wayar wurin, 7.7 kawai take zubarwa.

Ku yaran yanzu sai ku buɗe taswira a wayar hannu, ku ja layi da yatsa, ku ce kun yi awo. Ɗauki tef ka bi hanyar da fayif zai bi, kowace kwana, kowane hawa. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda haɗi da yanka. Ka rubuta adadin a takarda, mai gida ya sa hannu kafin ka tafi kasuwa.