Ban iya rubuta manhaja ba, anya zan iya buɗe kamfaninta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a Kantin Kwari, kullum kwastomomina na Maraɗi da Yola sai sun ce in turo musu hoton atamfa ta WhatsApp, shi ne nake so a yi min manhajar saida kaya, amma wallahi ko kwamfuta ban iya kunnawa sosai ba. Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Za ka iya mana, ai Jack Ma da ya kafa Alibaba, katafaren kamfanin ciniki ta intanet na China, a 1999 malamin Turanci ne, bai iya haɗa manhaja ba. Sanin kasuwar nan da kake da shi, wane zani ke tafiya gabanin sallah, wa ke biyan bashi wa ke cinyewa, shi ne jarinka.

Amma kar ka yi garajen zuba kuɗi. Fara jera kayanka da farashinsu a WhatsApp Business tukunna, ka ga ko mutane za su saya ba tare da sun taɓa zanin da hannu ba.

In ka samu yaron da zai haɗa maka, to nan ake yin ta, ku rubuta yarjejeniya gaban lauya, ka yi rajista da CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, adireshin shafinka na intanet da lambobin sirri duk su zama da sunanka, kuma biya kaɗan-kaɗan, sai ka ga aiki a wayarka ka ƙara. Na san wanda ya biya duka tashi ɗaya don wai ɗan unguwarsu ne, yau wata takwas lambar yaron ba ta shiga.