Ƙashin Dainoso a Hamadar Tenere: Yaya Ake Sanin Shekarunsa?

Tambaya: Malam, mun ji ana tono ƙasusuwan dainoso a Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Yaya ƙashi zai yi miliyoyin shekaru bai ruɓe ba, kuma da me ake gane shekarunsa? Daga wani mai karatu a Agadas.

Amsa: Malam, inda kake ganin rairayi a yau koguna ne da fadama shekaru kimanin miliyan 110 da suka wuce. Dabbar da ta mutu a fili, rana da dabbobi masu cin mushe na zamaninta sukan gama da ita. Wadda ambaliya ta binne da wuri cikin yashi da laka ita ce ke tsira. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ratsa ƙofofin ƙashin ya bar ma'adinai a ciki har ya yi nauyin dutse, yashin da ke kansa kuma ya danne ya zama dutse, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ta ƙasa ta girmi ta sama, muddin ƙasar ba ta kife ba.

Shekarun kuwa, daga shimfiɗar ake karanta su. Awon kabon-14, wato gane shekarun abin da ya mutu ta hanyar auna wani sinadari da ke raguwa a jikinsa, bai wuce shekara dubu 50, don haka ba ya aiki a nan. Idan akwai tokar aman wuta kusa, sai a auna yadda yuraniyam ya rikiɗa ya zama dalma a cikinta. Inda babu, akan kwatanta da halittun da aka samu a shimfiɗun wasu wurare da aka riga aka auna. Shi ya sa wanda ya tsinci ƙashi ya ɗauke bai rubuta inda ya same shi ba, ya yi ɓarna babba.

A Gadufawa Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dainoson da ake kira Ouranosaurus, ya bayyana shi a 1976. Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya raɗa wa Nigersaurus suna a 1999, wani dainoso mai tsawon mita 9 da haƙora fiye da 500.

Tonon ma da ƙa'ida. Ana share gefe da buroshi, a ɗiga gam mai ruwa-ruwa ya shiga tsagewar ƙashin, a rufe da jiƙaƙƙiyar takarda, sannan a naɗe da tsummokin buhun algarara da aka tsoma a filasta, irin wadda ake ɗora karaya da ita a asibiti. In filastar ta taɓa ƙashin kai tsaye, mannewa take yi ta ɓamɓare fuskarsa. In kuma aka juya kafin ta bushe, ƙashin zubowa yake yi ta ƙasa gutsure-gutsure.