Amsa ga Yaya kan hoton yaro a gindin dala

Yaya na ga saƙonki, kuma na ji hankalinki ya ɗan tashi da kika ga hoton yaron a gaban dalar Giza, wai an turo shi Azhar karatu ya ɓige da yawon kallon gumakan Fir'auna. Dan Allah ki kwantar da hankalinki, mu muka kai shi. Haka muke yi a nan Alƙahira, duk ɗan da ya zo sabo daga gida, Kano ne ko Zariya ko Damagaram, kafin karatu ya kankama sai manya su haɗa su su zaga da su gari, saboda in ba haka ba wallahi sai yaro ya shekara bai san komai ba sai hanyar ɗakinsa a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, da hanyar aji da wajen mai ful da ɗa'amiyya, wato wake da ƙosan Masar, ya koma gida a ce ya zauna a Masar alhali Masar ɗin bai gan ta ba.

Kuma ba da dala muke farawa ba. Masallacin Amru ɗan Asi ake fara zuwa a Fusɗaɗ, tsohuwar unguwar Alƙahira, shi ne masallaci na farko a ƙasar nan, tun zamanin Sayyidina Umar. Daga nan kabarin Imamu Shafi'i, sai masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, sai shi kansa tsohon masallacin Azhar wanda aka fara gininsa a 970. A nan ne nake so yaran su tsaya su ji, domin a cikin ruwaƙan Azhar, wato sassan da ɗalibai ke zama, akwai wanda aka ware wa ɗaliban Barno tun da can, kuma mutanen Kanem su suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ wajen shekarun 1240 don 'yan ƙasarsu masu karatu da masu wucewa hajji. Shehu Suyuɗi da ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha a garin nan yake kwance, ya rasu a 1505. Yaron da ya san kakanninsa sun tako hanyar nan da raƙuma, to ba ya tafiya a titi yana sunkuyar da kai don wani ya ga baƙar fatarsa ya yi masa magana, kuma Yaya ana yi, ba zan ɓoye miki ba.

Sai maganar Fir'auna, wadda na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Gawarwakin sarakunan nan da suna gidan tarihi na dandalin Tahrir, a watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka mai da su sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ. Ɗakin a ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, hayaniya ma ba a so. Za ki ga Ramsis na biyu kwance cikin gilashi, gashin kansa na nan, hancinsa na nan, mutumin da ya yi mulki shekara 66 ya cika ƙasa da gumakan kansa. Wasu na cewa shi ne na Annabi Musa, wasu su ce ɗansa Marnabtah ne, mu dai muna hana yara yanke hukunci tunda Alƙur'ani bai ambaci suna ba. Amma ayar Suratu Yunus da Allah ya ce zai tsirar da jikinsa ya zama aya ga na baya, duk wanda ya haddace ta a tsangaya in ya tsaya a ɗakin nan jikinsa sai ya yi sanyi.

A cikinmu akwai waɗanda sam ba sa shiga, hujjarsu hadisin da Manzon Allah (SAW) ya wuce gidajen Samudawa ya ce kada a shiga wajen waɗanda aka azabtar sai ana kuka. Ba ma takura musu, masallatan kawai suke bin mu su juya. Ni ina tare da malaman da suka ce a je don wa'azi da lura, shi ya sa ma in na ga yaro yana wasa da dariya a wajen nake tsawata masa.

Kuɗi kuma kar ki damu, da katin ɗalibi rabin kuɗin shiga ake biya, mota kuma karo-karo muke yi, abinci koshari ne mai araha. Abin da kawai nake ja musu kunne a kai shi ne masu raƙuma da dawaki na Giza, a gama ciniki tas kafin a hau, har da kuɗin sauka. Yaron ya riga ya koma aji tun ranar Lahadi, zan sa ya kira ki bayan isha'i ya ba ki labari da bakinsa. Ki gaida min Alhaji da su Inna.